Barcin Ameera

"Ba zan ba ta ba, oga."

Nafeesa ta ajiye ƙaramin kofin maganin a kan faranti, ta tura shi gefe da bayan yatsa. Ruwan da ke ciki ja ne, mai ƙamshin alewa. Dakta Maitama, mai asibitin, yana tsaye a bakin ƙofa yana saka safar hannu. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan ba ta maganin barcin ba. Mura take yi, ƙirjinta yana kuka. Kuma likitan sa barci bai zo ba."

"Yaushe kika taɓa ganin ya zo?"

Nas Perpetual ta sunkuyar da kai tana jera ƙarafan aiki da ta riga ta jera. A kan doguwar kujerar haƙori kuwa Ameera ce a takure, 'yar shekara uku, kuncinta ɗaya a kumbure, majina tana sheƙi a leɓenta na sama. 'Yar yayan Nafeesa ce. Haƙoranta na gaba sun yi baƙi sun guntule, saboda fidar madara da sukari da kakarta ke sa mata a baki kullum har barci ya ɗauke ta.

Asabar ce ranar yara a wannan asibitin haƙori na Gwarinpa. Iyayen duk ma'aikata ne, ranar ce kawai suke da sarari, kuma ba wanda ya zo don ya zauna yana lallashin yaro ya buɗe baki. Sai oga ya samo musu hanya. Kowane yaro a ba shi kofi guda, in ya langaɓe a yi masa aiki, a miƙa wa uwarsa, a kira na gaba. Sikelin awo ya daɗe da lalacewa, don haka Dakta Maitama yakan ɗaga yaro sama ne ya ji nauyinsa a hannu, ya faɗi abin da za a zuba. Tukunyar oksijin tana bayan ƙofa, an rataya tawul a wuyanta. Tun da Nafeesa ta gama bautar ƙasa ta kama aiki a nan, manya ake ba ta, domin ta taɓa magana a kan wannan tsari an ce bakinta ya yi yawa. Yau ne aka ce tunda 'yarta ce, ta yi da hannunta.

"Oga, ka ɗora abin sauraro ka ji da kanka. In numfashinta ya tsaya, da me za mu tashe ta? Tukunyar can rabonta da iska tun kafin in zo."

"Kina koyon rubuta sunanki nake ba yara maganin nan," in ji shi. "Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Perpetual, kira mini iyayen."

Farouk, yayan Nafeesa, shi ne ya fara shigowa, makullin mota a hannu, waya a kunne. Hajiya mahaifiyarsu tana biye da shi, sai Rekiya matarsa, wadda ta tsaya daga can jikin bango.

"Lafiya, Nafi? An gama ne?"

"Yaya, a bari murar ta wuce. Zan ba ta maganin zafi da na kumburin. In ta warware mu kai ta babban asibiti, inda akwai mai lura da numfashinta."

"Babban asibiti?" Farouk ya kashe wayar. "Kin san layin da ke can? Yarinyar nan ba ta iya cin abinci, ba ta barin kowa ya runtsa. Jiya a gaban darakta na yi gyangyaɗi."

"Na sani, Yaya. Ni ma ina jin kukanta a raina. Amma ciwon haƙori yana jira."

"Ke da ba a ɗakinki take kwana ba," in ji Hajiya. Ta zauna a gefen kujerar, ta share wa Ameera hanci da gefen hijabinta. "Yi shiru, ƙawata. Antinki ce take son ta nuna mana ta yi boko."

Nafeesa ta juya wajen bango. "Anti Rekiya, ta ci wani abu da safe? An ba ta wani magani?"

Rekiya ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan surukarta, ta mayar da shi ƙasa. Ita 'yar Okene ce, ba Bahaushiya ba. Da ta haifi Ameera an yi mata dariyar cewa tana kiran sunan 'yarta ta fari gatsal a gaban mutane, tana ɗaukarta tana sumbata ba kunya. Ta ji zafin dariyar nan, ta koyi alkunya har ta fi masu ita. Tun da aka yaye Ameera ta koma ɗakin Hajiya, Rekiya ba ta ƙara cewa uffan a kan lamarinta in surukar tana wurin. Hajiya har yabonta take yi a cikin dangi.

"Me kike tambayarta?" in ji Hajiya. "Ni ke rainonta. An ce kar ta ci, ba ta ci ba. Ba abin da aka ba ta."

"To duk da haka, Umma, ba zan ba ta ba."

"Ni na ce ki ba ta."

Nafeesa ba ta taɓa musa wa mahaifiyarta a gaban baƙi ba.

"Ki gafarce ni, Umma. A'a."

Dakta Maitama ya yi murmushi irin na wanda aka rage wa aiki. "Hajiya, kar ki damu, yaran yanzu ne. Ni zan yi da kaina." Ya ɗaga Ameera sama ya jijjiga ta kaɗan, ya ce wa Perpetual ta ƙara ɗan kaɗan a kofin. Sannan ya dubi Nafeesa. "Ke kuma cire rigar ki rataye. Ki je gida ki huta, sai na neme ki."

"Anti Nafi," in ji Ameera, tana miƙo hannu.

Farouk ya riƙe ƙofar a buɗe har Nafeesa ta fita.

*

Ba ta tafi gida ba. Ta tsaya a inuwar wata bishiya kusa da motar yayanta, tana kallon manyan motoci suna shiga suna fita. A tsallaken titi ana ta ɗora wani sabon bene, leburori suna hawa da kwanukan kankare a ka. Ta ga an fito da wani yaro a kafaɗar ubansa, kansa yana lilo, takalmi ɗaya ya faɗi, uwar ta tsince shi tana dariya.

Rana ta take sosai kafin su fito. Farouk ne ke ɗauke da Ameera, bakinta cushe da auduga, tana wani irin minshari mai kauri.

"To, likitar likitoci," in ji shi. "Ga ta nan. An cire biyu, an cike sauran, ko motsi ba ta yi ba. Sai ki koma ki ba mutumin nan haƙuri."

Nafeesa ta ɗaga fatar idon yarinyar, ta kira sunanta, ta murza mata kunne. Ameera ta ɗan yamutsa fuska kawai.

"Yaya, don Allah ku koma ciki har ta farka. Wannan ba barci ba ne irin wanda ka sani."

"Shi da kansa ya ce mu tafi, za ta tashi a gida."

"To ku kwantar da ita a gefenta, kar haɓarta ta faɗa kan ƙirji. Kar a rufe mata fuska. A riƙa duba leɓenta, in ya sauya launi..."

"Kai, Nafeesa!" Hajiya ta tafa hannu. "Wane irin baki ne wannan? Ni da na raini shida, ke za ki koya wa kwantar da yaro? Ba a tashin yaro daga barci, kowa ya san wannan."

"Bari in bi ku."

Farouk ya miƙa wa Hajiya yarinyar a kujerar baya, ya rufe ƙofa. "Kin kunyata Umma a gaban mutane, ya isa haka na yau."

Ta cikin gilashi ta ga Rekiya ta juyo daga kujerar gaba tana kallonta, har motar ta sha kwana.

Nafeesa ta tari keke mai ƙafa uku ta bi su. Da ta isa gidan Farouk sai ta tarar da ƙofa a kulle. Ta zauna a kan dakali tana kiran wayarsa, tana ta ringi ba ya ɗauka. Ta kira ta Hajiya, a kashe. Ta lallashi kanta cewa yara nawa aka yi wa haka suka tashi lafiya, ƙila dai ita ce mai yawan tsoro. Har ta fara shirya kalmomin da za ta ba mahaifiyarta haƙuri da su.

Ana kiran sallar azahar wayarta ta yi ƙara. Rekiya ce, kuma abin da Nafeesa ta fara ji shi ne sunan da matar ta yi shekaru ba ta furta ba.

"Ameera! Nafeesa, Ameera ba ta motsi! Ameerata!"

*

Ashe a hanya Hajiya ta ce a tsaya kasuwa ta sayi ƙashin miya, a yi wa yarinyar romo mai laushi in ta tashi. Farouk ya ajiye su ya wuce wajen mai gyaran mota. Ba za a bar yarinya ita kaɗai ba, sai Hajiya ta goya ta, ta ɗaure da majanyi tamau, ta saki hijabinta ya rufe ta saboda rana. Haka suka zaga rumfuna. Mai nama ne ya ga ƙafar da ke leƙowa ta ƙarƙashin hijabin, ya ce, "Hajiya, duba 'yar nan."

Nafeesa ta same su a asibitin da ya fi kusa da kasuwar. Likitan da ke wurin ya riga ya daina danna ƙirjin. Ta karɓe shi ta ci gaba, tana hura mata iska, tana ɗanɗanar jini da zaƙin maganin a leɓenta, har sai da mutumin ya kama kafaɗarta ya ce, "Dakta, ya isa."

Kafin magariba an kai Ameera makwancinta.

*

Gidan ya cika da masu gaisuwa. Matan ma'aikatar su Farouk suka zo da kuloli, maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi har waje. Kowa ya shigo da kalma ɗaya: kwana ne ya ƙare. Dakta Maitama ma ya zo cikin farar shadda, ya daɗe yana addu'a, ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin irin wannan ba, Allah ne ya karɓi abarsa. Farouk ya raka shi har mota.

Nafeesa tana kicin tana wanke kofuna Perpetual ta leƙo ta yi mata gaisuwa da Hausarta ta Abuja.

"Dakta, sannu fa. Wannan yarinya, tun da na ji ƙirjinsa na san akwai matsala. Amma ni wane ne? Ina da yara a makaranta." Ta share ido. "Asabar mai zuwa ma an cika lista. Oga ya ce kar kowa ya yi magana."

Da baƙi suka ragu, Hajiya ta sa aka kira ta ɗaki. Tana zaune a bakin gado, carbi a hannu, ta rame cikin 'yan kwanakin nan kamar wadda ta yi jinyar shekara. Farouk yana tsaye.

"Tambaya ɗaya zan yi miki," in ji Hajiya, muryarta a dushe. "Da ke kika ba ta maganin da hannunki, da za ki zuba mata kamar yadda ya zuba?"

"A'a, Umma."

"Da za ki bari a fito da ita ba ta farka ba?"

Nafeesa ta girgiza kai.

"To kin gani. Kina ciki, kika fita. Kika bar 'yar ɗan'uwanki a hannun bare don a ce ke mai gaskiya ce."

"Umma, na roƙe ku a bakin mota."

"Kin roƙe mu kina zaginmu!" in ji Farouk. "Wa zai saurare ki bayan abin da kika yi?"

Ta so ta ce ba zagi a cikin abin da ta faɗa. Ta so ta ce ba ita ta ɗaure majanyin ba. Amma ta dubi bayan mahaifiyarta, wanda tun ranar ba ta ƙara jingina shi da komai ba, sai ta haɗiye. Ta gane Hajiya tana neman inda za ta sauke kayan ne, don in ta bar shi a kanta zai kashe ta.

A bayan gida, wajen igiyar shanya, Rekiya ta same ta. Tana kwashe 'yan rigunan da ba wanda ya tuna ya ɗauke.

"An ba ta maganin tari," in ji Rekiya, ba ta dube ta ba. "Da asuba cokali biyu, da za mu fito aka ƙara. Hajiya ta ce kar ta yi tari a gaban likita a ce mu dawo wani sati. Ina tsaye."

Nafeesa ta rufe ido. Maganin tarin nan shi kansa yana sa barci. An ɗora barci a kan barci.

"A kasuwa ma ina bayansu. Ina jin minsharinta, ina jin sa, sai na daina ji. Na ce a raina in ce Hajiya a sauke ta in gani. Sai na ce za ta ce na yi rashin kunya a kan 'yar fari." Ta ninke wata ƙaramar riga, ta warware, ta sake ninkewa. "Mun wuce rumfar masu tumatir, mun wuce ta masu manja. Ina ta shirya yadda zan faɗa."

Nafeesa ta rungume ta. Jikin matar ya sandare kamar itace, ko hawaye babu.

*

Bayan sadakar bakwai ta gaya wa Farouk za ta kai ƙarar asibitin gaban hukumar da ke kula da likitoci.

"Su tambayi wa ya goya ta? Su tambayi wa ya ba ta maganin tari?" in ji shi, domin zuwa lokacin shi ma ya sani. "Ki tsayar da uwarmu gaban baƙi tana amsa tambaya? In kika yi, ki nemi wani yayan."

"Akwai wasu yaran, Yaya. Duk Asabar."

"Su ma suna da iyayensu."

Ta kai ƙarar. Da aka nemi iyayen yarinyar, Farouk ya ce su sun bar wa Allah, ba su da abin cewa. Ba shaida, ba binciken gawa, maganar ta mutu a nan. Abin da bai mutu ba shi ne labarinta. Masu asibitocin haƙori na garin sun san juna, suna haɗuwa a ɗaurin aure da wajen motsa jiki. Duk inda ta je neman aiki sai a karɓe ta da fara'a, a ba ta lemo, a ce za a kira ta. Wani dattijo ne kawai ya gaya mata gaskiya: an ce tana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta san na gaba da ita ba, kuma tana kai ƙarar mai ba ta abinci.

A ƙarshe ta samu wuri a wani ƙaramin asibiti a Zuba, bayan kasuwar 'ya'yan itace, inda warin ruɓaɓɓen lemo ke shigowa ta taga, kujerar aikin kuma da ƙafa ake ɗaga ta. Ta kama ɗaki a can. Yaran direbobi da na 'yan kasuwa ake kawo mata. Takan ɓata rabin safiya tana ƙirga wa yaro haƙoransa da madubi, tana barinsa ya taɓa ƙarafan, kafin ya yarda ya buɗe baki. Wasu iyayen sukan gaji su ce sun ji a cikin gari akwai inda ake ba yaro ɗan ruwa ya yi barci a gama nan take. Takan ce musu ta san wurin, kuma ba za ta faɗa ba.

Ranar ƙaramar Sallah ta shiga mota ta zo Gwarinpa da ledar ayaba da kankana. Farouk yana falo da abokansa, da ya gan ta sai ya ƙara murya a hirar da yake yi. Ta wuce ɗakin Hajiya ta durƙusa.

"Umma, barka da Sallah. An sha ruwa lafiya?"

"Lafiya," in ji Hajiya, idonta a kan talabijin. "Rekiya, ga baƙuwa, a zuba mata abinci."

Aka kawo mata tuwo da miyar taushe a kwanon tangaran mai zanen fure, cikin waɗanda ake ajiyewa a kabet don baƙin kunya, har da cokali a naɗe cikin takarda. Nafeesa ta ci loma uku don kar a ce ta ƙi. Ta yi sallama, ba wanda ya ce ta ƙara zama.

A motar komawa Zuba ta zauna a jikin taga, hannayenta a kan cinya. Da za a mayar da ita waccan safiyar, ta san a'a za ta sake cewa, kuma sanin hakan bai taɓa rage mata komai ba. Kalmar nan ta ci aikinta, ta ci yayanta, ta mayar da ita baƙuwa a ɗakin uwarta, kuma ba ta ceci Ameera ba.